Daga Masana'anta Zuwa Filin Casu: Tarihin Matoshin Kunne

Ranar 31 ga watan Mayu na 1976, ƙungiyar mawaƙan Ingila mai suna The Who ta yi wasa a filin ƙwallon Charlton da ke Landan. An kafa na'urar auna sauti a tazarar mita 32 daga lasifikoki, ta nuna desibel 126. Littafin Guinness ya sanya su a matsayin ƙungiyar da ta fi kowace ƙara a duniya, magoya bayansu kuma suka riƙa alfahari kamar an ciyo kofi. Idan muka ɗora wannan adadi a kan ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata ke amfani da shi a yau, bai kamata kunnen ɗan Adam ya kai sakan uku cikin irin wannan ƙara a yini guda ba. Sakan fa na ce, ba minti ba.

A wannan ranar, matoshin kunne na soso, ɗan rawayan nan da ake murzawa a cusa, ya shekara huɗu a kasuwa. Na kaki kuwa ya doshi shekara saba'in. Wato maganin na nan, kuma ba tsada gare shi ba. Amma a lokacin kayan lebura ne da na mai neman barci. Wanda ya sayi tikiti da kuɗinsa don ya ji kiɗa, sannan ya toshe kunne, ai dariya za a yi masa. Sai da aka ƙara shekaru kusan arba'in kafin ganin matoshi a kunnen matashi a wurin casu ya zama abin da ba a waiwaya a kalla. Abin da ya jawo wannan jinkiri shi ne batunmu na yau.

Maƙera ne suka fara biya

Labari mafi tsufa da aka fi sani a kan toshe kunne yana cikin Odisi, tsohuwar waƙar Girkawa da ake jingina wa Homa. Jarumin labarin ya cusa wa matuƙan jirginsa kakin zuma a kunne don kada su ji waƙar wasu halittu masu zaƙin murya da ke jan matafiya zuwa halaka. Shi kuwa ya ƙi toshe nasa. Cewa ya yi a ɗaure shi a jikin turken jirgi, don yana so ya ji waƙar. Ina ganin duk matsalar da za mu tattauna tana cikin wannan ɗan labari: ma'aikaci yana iya yarda a toshe masa kunne, amma wanda ya zo sauraro ba ya yarda.

A fagen likitanci, wani likitan Italiya mai suna Bernardino Ramazzini ya wallafa littafi a kan cututtukan masu sana'o'i a 1700. A bugun da ya faɗaɗa a 1713 ya yi bayanin maƙeran tagulla na birnin Venice, waɗanda aka tara a unguwa ɗaya suna dukan ƙarfe daga safe har dare, kuma jinsu yana raguwa har wasu su kurumce idan sun tsufa a sana'ar. Duk wanda ya taɓa zama kusa da masu ƙera akwatin ƙarfe a kasuwa ya san irin sautin da ake magana.

Da injin tururi ya zo, abin ya ƙaru. A birnin Glasgow na Scotland, inda ake ƙera jiragen ruwa, akwai masu haɗa manyan tukwanen tururi. Mutum zai shiga cikin tukunyar ƙarfe ya riƙe ƙusa, wasu kuma suna dukanta da guduma daga waje. A 1886 wani likitan kunne, Thomas Barr, ya gwada jin mutum 100 daga cikinsu, ya kwatanta da na wasu ma'aikata, ciki har da masu raba wasiƙu. Babu na'urar gwajin ji irin ta yanzu, don haka da ƙarar agogo da murya ya yi aikinsa. Ya tarar da wuya a sami wanda ya daɗe a sana'ar kunnensa bai taɓu ba. Shekaru da yawa ana kiran cutar da sunan wannan sana'a, kamar su kaɗai take kamawa.

Matoshin kunne na sayarwa ya samu karɓuwa ne daga Berlin. Wani mai haɗa magunguna, Maximilian Negwer, ya kafa kamfani a 1907, ya fito da ƙwallon kaki da aka cuɗa da auduga da basilin, ya sa masa suna Ohropax, daga kalmar Jamusanci ta kunne da kalmar Latin ta salama. Mazauna birni masu fama da hayaniya ne suka fara saye, marubuci Franz Kafka ma ya ambace shi a wasiƙunsa. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke sai aka riƙa ba sojojin Jamus saboda ƙarar igwa. Yaƙi na Biyu ya kawo na roba, wanda aka tsara a wani ɗakin bincike na Jami'ar Harvard. Na soso kuwa wani masanin sinadarai ne a Amurka, Ross Gardner, ya gano shi yana aiki a kan wani irin soso mai jinkirin komawa yadda yake bayan an matse shi. Wannan jinkirin shi ne sirrin: ka murza shi ya zama siriri, ka cusa, sannan ya kumbura a hankali ya cike ramin kunne. Ya shiga kasuwa a 1972 da sunan E-A-R.

Mai karatu ya lura da abu ɗaya. Duk waɗannan an ƙera su ne don sautin da ba a so: guduma, igwa, inji, minsharin maƙwabci. Manufarsu a kashe sauti iya yadda za a iya. Babu wanda ya damu da yadda ragowar sautin zai fito.

Me ke lalacewa a ciki?

Sauti yana shiga ramin kunne ya kaɗa dodon kunne, wasu 'yan ƙasusuwa uku su miƙa kaɗawar zuwa wata gaɓa mai siffar katantanwa da ke cike da ruwa. A cikin katantanwar akwai ƙwayoyin halitta kimanin 16,000, kowace da 'yan gashi a kanta. Ruwan ya motsa, gashin ya lanƙwasa, ƙwayar ta aika saƙo ta jijiya zuwa ƙwaƙwalwa. Da su aka haife mu, kuma wadda ta mutu ba ta da magaji.

Ƙara mai tsanani tana gajiyar da waɗannan ƙwayoyi. Shi ya sa idan mutum ya fito daga wurin biki yakan ji kamar an cusa masa auduga, ko ya ji kunnensa yana ƙugi. Bayan kwana ɗaya ko biyu ya washe, sai ya ɗauka shi ke nan. Masana ma haka suka ɗauka na tsawon lokaci. A 2009 ne Sharon Kujawa da Charles Liberman suka sa ɓeraye cikin ƙarar desibel 100 na awa biyu. Bayan mako biyu gwajin ji ya nuna sun warke sarai. Da aka duba katantanwar da madubin likita sai aka ga a wasu sassa kusan rabin mahaɗun da ke tsakanin ƙwayoyin da jijiya sun tsinke, kuma ba su dawo ba. Har yanzu ana muhawara a kan girman wannan ɓoyayyiyar asara a jikin mutane, tunda ba a iya buɗe kunnen mai rai a ƙirga. Amma ya rusa tsohon zaton cewa idan ƙugi ya tafi komai ya koma daidai.

Lalacewar takan fara ne daga siraran sautuka, wajen kaɗawa 4,000 a sakan. Nan ne baƙaƙe irin su s da f da sh suke. Don haka mutum ba ya cewa ya kurumce. Cewa yake mutanen yanzu ba sa buɗe baki idan suna magana, ko kuma yana jin murya amma ba ya tsintar kalmomi idan ana hayaniya.

Sai batun ma'auni, wanda nan ne mutane suka fi ruɗewa. Desibel ba kamar mudu ba ne da za ka ce 100 ya fi 85 da ɗan kaɗan. Duk ƙarin desibel 3 yana ninka ƙarfin sautin sau biyu. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta ba da shawara a 1998 cewa iyakar desibel 85 ita ce awa 8 a yini. A 88 ya koma awa 4, a 91 awa 2, a 94 awa 1, a 97 rabin awa, a 100 kuwa minti 15. Wurin casu yakan kai 100 ko ya wuce. Wanda ya yi awa shida a ciki ya cinye kason kwana 24 a dare ɗaya.

Yadda kiɗa ya yi ƙarfi

A watan Agusta na 1965 The Beatles sun yi wasa a filin Shea na New York a gaban mutum sama da 55,000, da amfilifaya masu watt 100. Ihun 'yan kallo ya danne kiɗan, su kansu mawaƙan ba sa jin abin da suke kaɗawa. Daga nan aka shiga tseren ƙarfi. Jim Marshall a Landan ya ƙera wa irin su Pete Townshend na The Who manyan amfilifaya da ake gofa lasifika a kan lasifika. Zuwa 1974 ƙungiyar Grateful Dead ta gina bangon lasifikoki kusan 600.

Amma jijiyar casun kwana ba daga nan kaɗai ta fito ba. Tun shekarun 1950 a Kingston ta Jamaika, mutane irin su Duke Reid da Coxsone Dodd suke jibge akwatunan lasifika a fili suna sa faifai, ana gasar wanda amonsa ya fi kauri da girgiza ƙasa. 'Yan Jamaika da suka yi ƙaura zuwa Ingila sun tafi da wannan al'ada. A can ta haɗu da sabon kiɗan inji da ya fito daga gidajen rawa na baƙaƙen fatar Chicago da Detroit. A 1988 da 1989 matasan Ingila suka rungume shi, suka fara taruwa a kangon sito da gonaki na bayan gari, a kwana ana rawa. Shi ne abin da suke kira rave, mu ce casun kwana.

Ta fuskar kunne wannan sabon abu ne. Wasan mawaƙa awa biyu ne, ana tsayawa tsakanin waƙa da waƙa. A casun kwana DJ yana haɗa faifai da faifai ba yankewa, daga sha biyun dare har hantsi, wani lokaci cikin sito mai bangon siminti da ke dawo da sauti. Kuma shi DJ ɗin kunnensa yana dushewa yayin da dare ke tafiya, sai ya ji kamar sautin ya ragu, ya ƙara murɗawa.

Bai kamata mu ɗauki masu son ƙarar a matsayin marasa hankali ba, akwai dalili a jiki. Tun 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson suka nuna cewa kunne ba ya kama sauti mai kauri sosai idan an yi ƙasa da murya, sai an ɗaga yake cika. A 2000 Neil Todd na Jami'ar Manchester ya nuna cewa amo mai kauri da ya haura desibel 90 yana taɓa sashen kunne mai kula da daidaiton jiki, wanda ke aiki idan kana lilo. A 2022 kuma masu bincike a Jami'ar McMaster ta Kanada suka riƙa kunnawa da kashe wasu lasifikoki masu amon da ya yi kauri har kunne ba ya tantance shi, ana cikin wasa. Duk lokacin da aka kunna, motsin masu rawa yana ƙaruwa da kusan kashi 12 cikin 100, ba tare da sun san dalili ba. Zuma ce, ga zaƙi ga harbi. Duk wanda zai ce wa irin waɗannan mutane su rage, ko su zauna a gida, kunnen uwar shegu za su yi da shi.

Laifin soso

To me ya hana su sa matoshin soso? Kunya na ciki, amma akwai ƙorafi na gaskiya: yana ɓata kiɗa. Nan ne kimiyyar ta fi burge ni.

Ramin kunne ɗan bututu ne mai tsawon kimanin santimita biyu da rabi, buɗe a waje, rufe a ciki. Kamar yadda kwalba ke ba da amo idan ka busa bakinta, shi ma yana da sautin da yake ƙarfafawa, wajen kaɗawa 2,700 a sakan, inda yake ƙara desibel 15 zuwa 20 kyauta. Ƙwaƙwalwarmu ta saba da wannan ƙari tun haihuwa, shi take ɗauka a matsayin sauti na daidai. Da ka cusa soso ka kashe wannan amo. Bugu da ƙari, soso ya fi danne siraran sautuka a kan masu kauri. Sakamakon shi ne muryar mawaƙi da kaifin kiɗa su ɓace, a bar ka da dum-dum kamar kana jin biki daga bayan katanga. Ga kuma muryarka da ke yi maka gurnani a ka idan ka yi magana, domin kaɗawar da ke bi ta ƙashi ta rasa hanyar fita. A masana'anta wannan ba komai ba ne. Ga makaɗi kuwa, an raba shi da sana'arsa.

Wani injiniya a kamfanin Knowles, mai ƙera kayan na'urar taimaka wa ji, Elmer Carlson, ya warware matsalar a takarda tun ƙarshen shekarun 1970. Dabararsa ita ce kada a toshe ramin ɗungurungum. A bar siririyar hanya ta tsakiyar matoshin, a sa ɗan tantani a bakinta. Tantanin yana aiki kamar fatar kalangu, iskar da ke cikin hanyar kuma tana da nata nauyi, idan aka daidaita su biyun sai su dawo da amon nan na 2,700 da aka rasa. Abin da ke isa dodon kunne shi ne kiɗan yadda yake, an dai rage masa murya daidai wa daida daga mai kauri har siriri. Amma kamfanin bai ga kasuwa a ciki ba, zanen ya zauna a ajiye.

Waɗanda suka farfaɗo da shi ba 'yan casu ba ne. Makaɗan gargajiyar Turai ne masu kwat da baƙin takalmi. A tsakiyar shekarun 1980 ƙungiyar makaɗan Chicago Symphony ta damu da kunnuwan masu goge da ke zaune a gaban masu busa ƙaho. Cikin waɗanda aka gayyato su auna sautin akwai Mead Killion, tsohon abokin aikin Carlson, wanda ya kafa kamfanin Etymotic Research a 1983. Ya ɗauko tsohon zanen, a 1988 ya fito da ER-15, wanda ake zuba shi daidai da ramin kunnen mai shi, yana rage desibel 15. Bayan shekara biyu aka yi mai araha wanda kowa zai iya saye ya sa, ER-20. Kusan duk matosan kiɗa da ake sayarwa yau jikokin wannan tunani ne.

Desibel 15 kamar kaɗan ne idan aka kwatanta da kusan 30 da ake rubutawa a kwalin soso. Mu yi lissafi. Desibel 15 matakai biyar ne na uku-uku, wato ninki biyu sau biyar, 32 ke nan. Minti 15 sau 32 ya zama awa 8. Daren da ya cinye kason kwana 24 ya dawo ƙasa da kason yini ɗaya. Kuma girgizar da ake ji a ƙirji da tafin ƙafa tana nan, don ba ta kunne take bi ba.

Kunya da doka

A shekarar da ER-15 ya fito, wata mai kaɗa jita a San Francisco, Kathy Peck, wadda jinta ya taɓu bayan wani wasa a 1984, ta haɗu da wani likita suka kafa ƙungiyar H.E.A.R. don wayar da kan mawaƙa. A 1989 Pete Townshend, wanda ƙungiyarsa ta kafa tarihin da muka fara da shi, ya fito fili ya ce yana fama da ƙugin kunne da raunin ji, ya ba su dala 10,000. Shi dai ya fi ɗora laifin a kan lasifikar kunne da yake sawa a ɗakin naɗar sauti. Ko ma mene ne, maganarsa ta yi nauyi, domin ba likita ba ne ke wa'azi, sarkin ƙarar ne da kansa. Guinness ma daga baya ya daina karɓar wannan gasa.

Doka kuwa ta bi wata hanya mai ban takaici. A watan Mayu na 1992 mutum tsakanin 20,000 zuwa 40,000 suka mamaye filin Castlemorton a yammacin Ingila, aka yi kusan mako ana casu ba dare ba rana. Gwamnati ta fusata, a 1994 majalisa ta zartar da dokar da ta ba 'yan sanda ikon tarwatsa taron dare a fili idan ana sa kiɗa da lasifika, har ta tsaya fassara kiɗa da cewa ya haɗa da sauti mai bugu maimaitacce. Ma'aunin dokar shi ne ko ƙarar za ta takura wa mazauna yankin. Kunnen yaron da ya rungume lasifika bai shigo lissafi ba. Dokar kare ma'aikata daga ƙara ta 2005 ma sai a watan Afrilu na 2008 ta hau kan gidajen kiɗa, kuma ma'aikaci take karewa, wato DJ da mai sayar da abin sha da mai gadi. Ita ce ta ba wani mai kaɗa biyola, Chris Goldscheider, nasara a kotu a 2018 a kan gidan Royal Opera House, bayan ƙarar masu ƙaho da ke bayansa ta kai desibel 137 a wani atisaye a 2012. Ɗan kallo dai an ɗauka shi ya kawo kansa.

A tsakanin nan masu casun ne suka riƙa taimakon junansu. Ƙungiyar DanceSafe da aka kafa a California a 1998 takan kafa tebur a wurin casu, tana ba da ruwa da bayani a kan haɗarin ƙwayoyi, da matosan kunne kyauta. Akidarsu ita ce tunda mutane za su zo ko an so ko an ƙi, gara su koma gida lafiya. A 2008 ƙungiyar My Bloody Valentine, wadda ta yi suna wajen ƙara, ta riƙa raba matosai a bakin ƙofa.

Ƙasashen tsakiyar Turai ne suka fara kallon ɗan kallo. Suwizalan ta kafa dokar ƙayyade sauti a wuraren taro a 1996, kuma a tsarinta ba a wuce matsakaicin desibel 100, duk taron da zai haura 93 dole ya ba da matosai kyauta. Yankin Flanders na Beljiyam ya bi sahu a 2013. Faransa a 2017 ta sauko da iyakarta daga 105 zuwa 102, ta wajabta matosai kyauta da wurin hutun kunne. Birnin Minneapolis na Amurka ya wajabta wa gidajen rawa ba da su a 2014.

Abin dariya, yawancin wannan an yi shi ne kafin a sami gwaji mai ƙarfi a ainihin filin casu. Sai a watan Satumba na 2015 likitoci daga Utrecht suka ɗauki mutum 51 da za su wani bikin kiɗa na fili a Amsterdam, suka raba su ta hanyar ƙuri'a: 25 da matoshi, 26 babu. Sun yi awa huɗu da rabi cikin matsakaicin desibel 100. Da aka gwada su bayan an tashi, kashi 42 cikin 100 na kunnuwan da ba a toshe ba jinsu ya dushe, a waɗanda aka toshe kuwa kashi 8 ne. Ƙugin kunne ya kama kashi 40 na marasa matoshi, da kashi 12 na masu shi. Mutum 51 ba yawa ba ne, kuma dushewar wucin gadi aka auna, ba kurumtar shekara ashirin ba. Duk da haka tazarar ta yi faɗin da ba za a ce sa'a ce ba.

A watan Maris na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ƙiyasta cewa matasa sama da biliyan ɗaya na cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraro, ta fitar da ƙa'idar wuraren kiɗa: kada matsakaicin minti 15 ya wuce desibel 100, a riƙa aunawa, a samar da matosai da wurin da babu ƙara. Shawara ce, ba doka ba. Amma a ganina abin da ya ƙarasa kashe kunyar kasuwa ce. Kamfanoni irin su Loop, da aka kafa a Antwerp a 2016, sun mai da matoshi kamar ɗan kunne, mai ruwan zinare da azurfa, har suna yin na musamman da bikin Tomorrowland. Abin da likitoci suka shekara ɗari suna roƙo, ado ya yi shi cikin shekara goma.

Inda nake da ja

Ina goyon bayan matoshi, amma akwai abin da ke damuna. A masana'anta ƙa'idar ita ce a fara rage ƙarar daga tushe, matoshi shi ne mataki na ƙarshe. A wurin casu an juya abin: mutum ɗaya ne ke riƙe da maɓallin murya, amma dubbai aka ɗora wa nauyin kare kansu. Kwandon matosai a bakin ƙofa yana iya zama lasisin ƙara murɗawa.

Kuma matoshi yana da sharuɗɗa. Adadin da ke jikin kwali a ɗakin gwaji aka samo shi, a hannun mutane yakan yi ƙasa sosai saboda ba a cusa shi daidai. Na soso sai an murza shi ya yi siriri, a zagayo da ɗaya hannun ta bayan kai a ja kunnen sama, a cusa, a riƙe kamar sakan 30. Idan rabinsa na leƙowa waje, ado ne kawai. Auduga ko takardar goge hanci ba sa tare abin kirki. Cirewa kuma tana da tsada fiye da yadda ake zato: wanda ya yi awa biyar a wuri ya cire na rabin awa, ko da matoshinsa na desibel 30 ne, kariyar da ya samu a daren ba ta wuce desibel 10 ba, domin a wannan rabin awar kashi ɗaya cikin goma na dukkan ƙarar ya shige. Matsawa baya ma magani ne, a fili duk ninka tazara daga lasifika yana rage kusan desibel 6.

Ba mu da casun sito irin na Ingila, amma katantanwar kunne ba ta san sunan taro ba. Nijeriya na da dokar ƙayyade ƙara tun 2009, sai dai a zauren biki hannun DJ ne ke hukunci, kuma yara ne suka fi son tsayawa a gaban akwatin lasifika. Gwajin mai sauƙi ne: idan sai ka ɗaga murya kafin wanda ke nesa da kai da tsawon hannu ya ji ka, wurin ya kai inda ake lissafin lokaci.

Batun gyara bayan ɓarna kuwa, a 1988 aka tabbatar cewa tsuntsaye suna sake tsiro da ƙwayoyin gashin kunnensu bayan ƙara ta kashe su, kifaye ma haka. Tun lokacin ake neman yadda za a tayar da wannan baiwa a jikin mutum. Maganin da aka fi sa wa rai, FX-322, wanda ake allurarsa ta dodon kunne, ya kai matakin gwaji a kan mutane. A watan Fabrairu na 2023 kamfanin ya sanar cewa waɗanda aka yi wa allurar ba su fi waɗanda aka ba na bogi jin magana ba, ya kuma dakatar da aikin.